Karen da Aka Ba Ni Amana

Ni dai tun tasowata a Zariya na san kare abin waje ne. Akwai wani mai gadi a layinmu da karnukansa biyu, kuma ko dakalin ƙofar gidanmu ba su taɓa hawa ba. Idan kare ya shinshini zanenki, to ranar kin samu aikin wanki. Da wannan tarbiyya na hau jirgi zuwa ƙasar waje, da ita kuma na shiga gidanmu na unguwar Largo, irin gidajen nan masu manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ce masa sannu.

Wadda bango ya haɗa mu da ita wata tsohuwa ce baƙar fata, 'yar asalin ƙasar, ta gama aikinta a gidan waya ta zauna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda kuma yana can wata jiha mai nisa, sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsa. Abokin zamanta wani ɗan mitsitsin kare ne fari, bai fi ƙatuwar kyanwa ba, gashi ya rufe masa ido har ban san yadda yake ganin hanya ba. In sanyi ya shigo sai ta sa masa suwaita. Ranar da na fara gani na yi dariya har da riƙe ciki, na ce da maigidana mun zo ƙasar da kare ya fi wasu mutane sutura.

Amma matar nan ta yi mini abin da ko 'yar'uwa ta jini sai mai haƙuri. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ba na tashi sai ƙarfe shida, 'yata kuwa motar makaranta na sauke ta tun ƙarfe uku. Shekara shida cur tsohuwar ce ke tsayawa a bakin titi ta karɓe ta. Ta ware mata tukunya da cokali don kada abin da ba ma ci ya taɓa abincinta. Da ta lura ina yamutsa fuska idan na ga farin gashi a jikin kayan yarinyar, sai ta riƙa kulle karen a ɗakinta na sama har in dawo. Ita dai yarinyar ba ta bari ba, ta riƙa satar jiki tana hawa wurinsa, na kuma yi kamar ban sani ba.

A wata kaka, lokacin da ganyaye suka fara zuba, tsohuwar ta zame a kan matakala ta karye a ƙugu. Bayan an yi mata aiki aka kai ta wani gidan jinyar tsofaffi wajen Hyattsville, inda za ta koyi tafiya. Gidan ba sa barin dabba ta zauna. Ranar da na je duba ta, ta kama hannuna da nata biyun, hannu ba nama sai jijiya, ta ce ba ta da wanda za ta roƙa sai ni.

"Abu ɗaya kawai, ki riƙe mini karen nan," in ji ta. "Shekararsa goma sha ɗaya, bai taɓa kwana a waje ba. Ko a ɗakin wanki ne ki sa shi, ba zai dame ki ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, sai da na kama hanyar gida sannan na fara tunanin inda zan sa shi.

Na so a ce maigidana ne ya hana a shigo da karen cikin gida, da yanzu ina da wanda zan ɗora wa. Ai kuwa bai hana ba. Mutum ne mai sanyin hali, injiniya, komai sai ya auna. Ya buga wa wani malami da yake girmamawa waya, ya dawo ya ce mini malamin ya ce amana ce kuma lalura ce, a sa shi a ɗakin wanki na ƙasa a ja ƙofa, tunda ba can muke salla ba. Ya ce shi zai riƙa fitar da shi da safe kafin ya tafi aiki.

Ni ce na ƙi, kuma dalilina ba ya cikin wani littafi. Muna da taron mata da muke yi wata-wata, gida-gida, a yi karatu, a ci abinci, a yi sallar la'asar da magariba tare. A wannan ƙasar da kowa ke gudu, wannan taron shi ne dangina, shi ne inda nake jin Hausa ta cika ɗaki. To akwai wata matar likita a Mitchellville da ɗanta ya dawo daga jami'a da kare, ta kasa korar su. Ba wanda ya ce mata uffan. Amma ranar da taro ya zagayo gidanta kowa ya tuna yana da uzuri kafin magariba, kuma idan ta kawo abinci gidan suna sai ki ga an buɗe kular an leƙa an mayar da murfi. Ina cikin masu mayar da murfin, ina kuma cikin waɗanda suka yi dariyarta a mota. Saura sati biyar taro ya zo gidana.

Sai na je kanti na sayo ɗan akurkin roba da ake yi wa karnuka, na shimfiɗa tsohon bargo a ciki, na ajiye a ɗan filin da ke ta baya, wanda shingen katako ya kewaye. Na ce da kaina ai Allah da ya yi shi da gashi ya san abin da yake yi. Maigidana ya dube ni, ya dubi akurkin, ya ce, "Ke kika yi alkawarin, ba ni ba." Bai ƙara ta da maganar ba.

Karen bai yi haushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin da yake yi shi ne ya zo ya tsaya a jikin ƙofar gilashi ta falo, ya manna hanci yana kallonmu. Muna cin abinci yana nan, muna kallon labarai yana nan. In na idar da salla na waiga, shi nake fara gani. Wani lokaci ya koma gindin shingen da ya raba mu da gidan uwargijiyarsa ya yi ta tono, har faratansa suka cika da laka. 'Yata tana da shekara goma sha biyu a lokacin, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa. Ta ce mini yana rawar sanyi. Na ce karnukan Zariya a waje suke kwana, ba wanda ya mutu. Ta ce a Zariya ruwa ba ya daskarewa a kwano. Na daka mata tsawa, na tashi na ja labule.

Kowace Lahadi nakan je gidan jinyar da kunun gyaɗa, don tsohuwar ta koyi shansa a wurina. Kafin ta tambayi lafiyata sai ta tambayi karen. Yana ci? Yana ci. Ina yake kwana? Kusa da hita, na ce, har ya fi kowa samun wuri. Ta yi murmushi ta ce ai ta san halinsa, mai son jiki ne. 'Yata tana tsaye tana kallon takalminta. A Lahadi ta uku ta ce ba za ta bi ni ba, tana da aikin makaranta, ban kuma matsa mata ba, don na san wane aikin ne.

Ranar taro gidana ya cika. Na yi waina da miyar taushe, na yi dambun shinkafa, na turare ko'ina har labule. Ana tsakiyar hira sai wata Hajiya, babba a cikinmu, wadda maganarta ke zama hukunci, ta ji motsi ta ɗaga labulen. Ga shi nan tsaye da hancinsa a gilashi. Na yi maza na ba da labari, na maƙwabciya ne, ajiya ce, kwana kaɗan ne. Hajiya ta saki labulen ta ce, "Kin kyauta da ba ki shigar da shi ba, ƙanwata. Haka ake zama da su, a yi mutunci amma a san iyaka." Aka yi magariba a falona sahu biyu, kulolina kuma aka kwashe tas. Ba zan ɓoye ba, ranar na ji daɗi ƙwarai.

Bayan nan da sati biyu karen ya fara tari, wani irin busasshen tari kamar na tsoho mai asma. Ya daina cin rabin abincinsa. Wata safiya da raɓa ta daskare a kan motoci, maigidana ya fita ya naɗo shi a bargo ya sauka da shi ɗakin wanki. Ban hana ba. Taro ya riga ya wuce, ba ni da sauran abin karewa. Likitan dabbobi ya ba da magani, ya ce sanyi ya shiga ƙirjinsa kuma zuciyarsa dama ta tsufa, ya tambaye mu ko a waje yake kwana. Maigidana ya bar mini amsar.

Ana cikin haka gidan jinyar suka ce za a iya kawo masa ziyara ta awa ɗaya. Tsohuwar ta yi ta murna a waya kamar yarinya. Na sa safar hannu na yi masa wanka sau biyu, na taje gashin, na sa masa suwaitar nan da na taɓa yi wa dariya. A ganina ya fito fes.

Da ya gan ta a keken guragu jikinsa duka ya ɗauki ɓari. Na ɗora mata shi a cinya, ta rungume shi tana kiran sunansa, sunan da ni ban taɓa kiransa da shi ba ko sau ɗaya. Sai na ga hannunta ya tsaya a kan haƙarƙarinsa. Ta zura yatsu ƙarƙashin suwaitar ta shafa a hankali. Daga nan ta kama ƙafarsa ta gaba ta juya. Tafin ya yi kaushi ya tsattsage, abin da sabulu ba ya wankewa. Ta duba ta biyu, ta duba ta uku. Ya yi tarin nan nasa. Ba ta ɗago ta kalle ni ba.

"Da kin ce mini ba za ki iya ba, da ban ji haushi ba," in ji ta. "Na san addininku. Da na nemi wani."

Ga ƙofa ta buɗe mini, abin da ya rage in yi shiru in bar addini ya ɗauki laifin. Ban san abin da ya hana ni ba. Na ce mata ba addini ba ne, maigidana ya yarda, malami ma ya yarda, ni ce na ji tsoron abin da ƙawayena za su ce. Ta gyaɗa kai kawai, tana shafa kan karen.

Akwai wata mai kula da ita, Bahaushiyar Kumasi, mai ɗan ƙaramin hijabi, da ke gyara gado tana jinmu. Tsohuwar ta tambaye ta ko ta san wanda zai karɓe shi. Matar ta juyo gare ni ta ce da irin Hausarsu, "Hajiya, bar shi nan. Ɗaki ɗaya gare ni, amma kicin na da ɗumi." Ita ma salla take yi kamar ni, ta ma fi ni kiyaye lokaci. Na miƙa mata igiyar da ledar maganin, na fito hannu rabbana. Bai kai sabuwar shekara ba ya mutu a kicin ɗinta, ita ta gaya mini a bakin ƙofa.

Tsohuwar ba ta sake komawa gida ba. Ƙugun bai warke yadda ake so ba, ɗanta ya zo ya sayar da gidan, wasu matasa suka shiga. 'Yata ta koma ziyartarta, amma ita kaɗai, a bas, ranar da ta san ba zan je ba. Ni ma ban daina zuwa ba har shekara ɗaya da wani abu da tsohuwar ta ƙara a duniya. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta taɓa ɗaure mini fuska ba. Takan gaishe ni da fara'a, ta tambayi maigidana, ta yi godiyar kunu. Na nemi gafararta sau biyu, sau biyun ta ce ya wuce. Na so ta zage ni ko sau ɗaya ne, na san da na samu sauƙi.

Zuwana na ƙarshe na same ta a kwance, ta rame sosai, leɓɓanta sun bushe. Kofin ruwanta yana kan teburin da aka tura nesa da gado, na ga idonta a kansa. Na miƙe zan ɗauko mata.

"Bar shi, kada ki wahalar da kanki," in ji ta a hankali. "Mai kula da ni za ta zo."

Ta lalubi maɓallin kiran ma'aikata ta danna. Na koma na zauna da hannuwana a cinya, muka yi ta jira tare, kusan minti goma, har matar Kumasi ta shigo ta ba ta ruwan.