Jan Fentin da Ya Ƙi Fita a Jikin Autanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran ƙanena, autan gidanmu, shugaban sashen tsara filaye na ƙaramar hukumarmu. Ba ciwo ya yi ba. Kashe shi aka yi, da rana tsaka, a ofishinsa.

Auta, ni na goye ka, na san taurin kanka tun kana jan layi da tsinke a tsakar gida kana hana kaji ƙetarewa. Da aka ba ka kujerar nan ka ce an daina yanka fili a kan hanyar ruwa, duk ginin da ya tare ta kuma zai sha jan fenti. Shagon Kawu ka fara shafa wa. Ya zage ka tas a gaban jama'a, ya ce, "Ɗan nan, ni za ka gwada wa aiki?" Ka ce, "Kawu, in na tsallake naka, wa zai saurare ni?" Bayan an rushe, kai ka riƙa ɗaukar masa bulo duk Asabar har ya sake gini a inda ya dace.

Sai ga gidan man surukin ciyaman, an dasa shi a kan babbar magudanar da ke bayan kasuwa. Ka san in ta toshe, ɗakunan talakawan gangare ne za su cika da ruwa. Kansiloli suka kau da kai. Kai ka je da kanka ka shafa.

Washegari 'yan daba suka shigo maka da rodi da adda. Suka fara da hannun dama, suka kakkarya shi a kan teburinka. Suka fasa maka kai, suka juye maka gwangwanin fentin a fuska, suka fita a tsanake. Masu gadi duk sun tafi cin abinci, wai. Da na iso asibiti na kasa bambance jininka da fentin. Mai wankan gawa ya goge ka da kananzir har ya gaji, yana kuka. Da ja a gemunka aka sa ka a likkafani.

Ciyaman ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarmarmu yana share ido. Ni dai ban yafe ba. Gidan man na nan tsaye, an shafe alamarka da farin fenti, ga damina ta kankama.

Ina yi wa matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, da Inna wadda har yau take ajiye maka abinci. Allah Ya jiƙanka, Auta, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi shahadarka. Ya Allah, Ka tsare mutanen gangare, domin mai tsaya musu ya tafi. Waɗanda suka riƙe rodin da wanda ya aiko su, Ka hana su barci har ranar da za su tsaya a gabanKa.