Hannun Hagun Mai Agogo

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha tara ga watan Maris, da hantsi, 'yarka ta fari ta tsaya a ƙofar shagona, ta kasa shigowa, ta kasa gaisuwa. Ban tambaye ta komai ba. Na ajiye takalmin da nake ɗinki, na jawo ƙofa. Mai Agogo, ashe ka tafi.

Shekara talatin da huɗu muna maƙwabtaka, kana gyaran agogo, ina gyaran takalma. Katako ne ya raba shagunanmu, ko atishawa ka yi sai na yi maka addu'a. Na san tsohuwar nan mai kawo agogon marigayi mijinta, alhali agogon lafiyarsa ƙalau, kaɗaici ne kawai ke damunta. Kai kuwa sai ka buɗe shi, ka hura, ka kara a kunne, har ta gama labarinta.

Ta cikin katakon nan na san jitarka. Da rana ta take, mutane suka ɗauke ƙafa, sai ka cire madubin ido ɗayan nan na duba cikin agogo, ka wanke hannu, ka sauko da ita daga ƙusa. Ba ka taɓa kaɗa wa taro ba. Na tambaye ka amfaninta, ka ce, "Baduku, wuni nake ina tilasta wa agogo bin lokaci. Wannan kuwa in na ga dama in yi sauri, in na ga dama in tsaya, ba mai dawo min da ita ya ce ta makara."

Na ce, "To ka tsaya ɗin mana, mu huta."

Shekara uku ke nan da ciwo ya shanye maka ɓarin hagu. Rufe shago bai karya ka ba, rabuwa da jitar ce ta karya ka. Mai ɗakinka ta same ni ta ce, "Yaya, abokinka ya juya fuska bango. Abinci sai an yi da gaske. Jiya cewa ya yi a kyautar da jitar."

Na je, na ce a miƙo min ita. Ka dube ni a kaikaice ka ce, "Me za ka yi da ita? Dunduniya za ka sa mata?"

Na ce, "Hannun hagu ka rasa. Ga nawa, ba abin da ya iya sai riƙe takalmi. Ka are shi."

Haka muka fara. Ina zaune a hagunka, kafaɗa da kafaɗa, cikin jitar a cinyarka, wuyanta a hannuna. Ni ke danne tsirkiya, kai ke kaɗawa. Da yake ban san komai ba, sai ka raɗa wa kowane riƙo sunan sa'a. "Ƙarfe biyu. Yanzu ƙarfe bakwai. Bakwai na ce, kai kana can gari bai waye ba." Ka ce yatsuna kamar taɓare, ɗaya na danne tsirkiya biyu. Na ce naka hannun ai rawa yake. Mai ɗakinka ta leƙo ta ce kajin maƙwabta sun yi ƙaura. Ranar ka cinye abincinka tas, har ka nemi ƙari.

Wata shida muka yi kafin kiɗa ɗaya ya fita daga farko har ƙarshe, wanda ka tsara da kanka tun kana saurayi. Da muka kai ƙarshe, sai ka ɗora tafinka a kan tsirkiyoyin, ka daɗe. A ranar na gane abin da nake tsokanarka a kai shekara talatin. Ban gaya maka ba, don na san ba za ka bar ni in sha ruwa ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yarka ta kawo min jitar, ta ce, "Baba, ka ɗan kaɗa mana nasa." Na zauna inda na saba, na kama wuyanta, na danne ƙarfe biyu, na jira. Sai da na ga duk ɗakin ni suke kallo, sannan na tuna ban taɓa koyon hannun dama ba. Na ce mata, "'Yata, rabi na iya."

Allah Ya jiƙanka, Mai Agogo. Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙuri da mu biyun, da 'ya'yanka da jikokinka. Allah Ya ba su dangana, Ya albarkaci bayanka. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.