Yuguda Mai Faci da Saniyar Jarida

A da, kullum da hantsi Yuguda zai shimfiɗa buhu a gindin tsamiyar da ke bakin hanyar Bici, ya jera famfo da gam da kwanon ruwan neman huji. Faci yake yi wa kekunanmu. Amma kafin ya taɓa taya, sai ya kafe shafin jarida a jikin tsamiyar da ƙusa, shafin nan mai zanen barkwanci. Direbobin Kano ke ajiye masa tsofaffin jaridu. Ya nuna da sifana, ya yi bayani, mu sha dariya, mu wuce gona mun san halin da ƙasa ke ciki.

Ban saba yabon mutum ba. Wannan kam ya ci yabo.

Shekarar da soja suka ce a tsuke bakin aljihu, taki bai zo ba, gero ya yi ja a gona. Ran kasuwa wani ya kwance ƙunshin tsire, sai ga zane a takardar: ramammiyar saniya, wani ƙato mai tumbi da doguwar hula yana tatsarta, ɗan maraƙi a ɗaure gefe yana kallo. Nan take aka ce Muntaka ne, mai unguwarmu, wanda rabon taki ke hannunsa. Tumbin nasa ne, hular tasa ce, ga shi da saniya mai irin wannan ramar. Aka ce ashe har Kano an san ya ɓoye mana taki. Magidanta suka saɓi gatura za su fasa masa rumbu, Hadi maƙwabcina a gaba. Hanyar gidan kuwa ta gaban tsamiya ta bi.

Yuguda, kai ne ka gicciya keke a hanya, hannunka duk baƙin mai. Ka karɓi takardar, ka goge man tsiren a rigarka, ka ce kowa ya matso ya dubi ƙafar mai tatsar.

"Takalmin soja ne a ƙarƙashin babbar riga. Wa ya taɓa ganin Muntaka da irinsa? Takalminsa faɗe ne na tayar mota, ni nake liƙe masa."

Dariya ta ɓarke. Ka nuna haƙarƙarin saniyar inda layi biyu suka haɗe, ka ce kogin Kwara ne da na Binuwai, saniyar ƙasar nan ce. Hadi ya ce to maraƙin fa.

"Kai ne, Hadi. Da ni. Da Muntakan da za ka fasa wa rumbu."

Gatura suka sauka. Da la'asar Muntaka ya buɗe rumbun da hannunsa: 'yar dawa ce, babu ko ƙwayar taki. Da an fasa, da har jikoki ba su gaisa ba.

Yanzu yanar ido ta rufe wa Yuguda gani, ya ajiye famfo. Makon jiya na kai masa sabuwar jarida, na ce an sake zana saniyar nan. Ya tambayi takalmin mai tatsa, na ce sau-ciki ne yanzu. Ya tambayi maraƙin, na ce yana nan a ɗaure. Ya yi dariya har da tari, ya ce in kai a kafe a tsamiya.

Na kafe. Sannu da aiki, idon gari, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu boko, ƙusar tana nan a jikin tsamiya. Wani ya zo ya ɗauki sifanar.