Kunyar suruki ta ci mini yatsu biyu

Ku matso kusa ku ji, musamman ku da kuke da tsofaffi a gida. Akwai maganar da na daɗe ina juyawa a raina, yau dai zan fitar da ita. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce Islamiyya da 'yar makarantar yaƙi da jahilci ba, bakin ne dai Allah ya ba ni.

Shekarun baya, ana gama shuka, wata ƙishirwa ta kama ni wadda ban taɓa sanin irinta ba. In sha moɗa biyu a randa, kafin in koma kan tabarma maƙogwaro ya sake bushewa. Zanen da na ɗaura ya riƙa zamewa daga ƙuguna. Maƙwabciyata har tsiya take yi mini, wai ko son wani nake yi a ɓoye shi ya ramar da ni, alhali shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana, ko zaure ban cika leƙawa ba. Ni mutuniyar gida ce. Muna wani ƙauye a ƙasar Kabo, a bar ni da awakina da kajina da rediyo, ba na neman komai a waje.

'Yar farina ce ta matsa a kai ni asibiti. Tana aure a Gwarzo, kuma a lokacin tana da ciki mai laulayi, ba ta iya hawa babur. Sai ta ɗora wa mijinta. Iyayenmu daga ruga suka zo suka zauna suka kama noma, shanu sun ragu amma kunyar tana nan yadda take. Ita 'yar farin ko sunanta ba na kira, balle mijinta. Tun da ya aure ta ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa shan ko ruwa yana wurin ba. In ya zo gaisuwa ya durƙusa daga bakin ƙofa, ni ina ciki ina amsawa ina kallon bango.

To wannan mutumin ne ya goya ni a babur zuwa asibiti a Gwarzo. Aka ɗebi jini, likita ya ce ciwon suga ne, kuma da alama ya daɗe yana cina ban sani ba. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in rage fura da tuwo, in yawaita ganye. Ya ce duk wata in dawo a yi gwaji biyu. Na farko da safe kafin in sa komai a bakina. Daga nan in ci irin abincin da na saba ci a gida, in zauna awa biyu, a sake gwadawa, don a ga yadda jikina yake yi da abinci ko maganin yana riƙe shi.

Na ji komai sarai. Kunnena ba ya barin magana ta wuce. Ba rashin fahimta ne ya kashe ni ba.

Ranar gwajin farko muka biya ta gidansu, 'yata ta zuba mini ɗumamen tuwon dawa a kula, da fura a gora. Aka soki yatsana, aka ce in je in ci. Muka fito ƙarƙashin darbejiyar da ake jira, na zauna a benci, surukina ya zauna a ɗaya bencin. Matarsa ta ce masa kada ya kuskura ya bar ni ni kaɗai, kada jiri ya ɗebe ni, shi kuwa mutum ne mai riƙe amana. Ya kawar da kai yana danna waya, ya ce, “Inna, bismillah, ki ci.”

Na buɗe kular. Ƙamshin miyar kuka ya bugi hancina, ga yunwa tana cina, don tun azahar ɗin jiya ban ci komai ba. An ce kada in ci daga bayan isha'i, ni kuma na ƙara nawa don in burge likita. Na gutsuro loma, hannuna ya ƙi kai ta baki. Yaya za a yi mijin 'yar fari ya ji ƙarar taunata? Sai na ja hijabi na rufe kular, na riƙa motsa hannu kamar mai ci, ina juye tuwon cikin leda. Furar ma na kai gorar bakina ne kawai na sauke.

Bayan awa biyu aka sake gwadawa. Likita ya dubi takarda, na ji muryarsa ta saki. Ya ce da surukina madalla, jinin bai hau ba bayan abinci, maganin ya karɓe ni, a ci gaba da shi haka ba sai an ƙara ba. Har daɗi na ji, Allah ya gafarta mini, kamar wata jarrabawa na ci. Na koma gida na zuba wa kaji tuwon. Duk wata haka. Ina jin kajin nan sun fi kowa sanin ranar asibitina.

A gida kuwa ai ci nake yi. Na rage fura kwana biyu, da na ji likita yana yabona sai na koma mata. Shi kuma surukina, da yake shi ya iya karanta takardun, tare muke shiga ɗakin likita ya tsaya a bayana. Likita ya tambaye ni fitsari fa, ya ragu? In ce lafiya lau. Ƙafafu fa, ba sa zafi ko mutuwa? Lafiya lau. Alhali tafin ƙafata ya zama kamar na taka auduga, kuma kewayawa ba ta da adadi. Amma in yi zancen fitsari suruki yana tsaye?

Da kaka, bayan an yanke dawa, na zaga bayan gida kora awaki daga gonar maƙwabta, na taka tushen kara. Ban ji ba. Sai da na zo alwala na ga jini a silifas. Na wanke, na shafa man shanu, na ɗaure da tsumma. Ciwon bai rufe ba. Na ƙunsa lalle a kai, wai zai busar da shi. Ranar asibiti ta zo na sa safa. Likita ya ce in cire ya duba ƙafafun, na ce lalle na ƙunsa kuma lafiyarsu ƙalau, na kafe, har ya ce to wata mai zuwa lallai zai gani. A ranar ne ya ce ramar tawa ba ta yi masa ba, ba ta yi daidai da abin da takardu ke faɗa ba. Ya sa aka ɗebi jini a sirinji don wani gwaji dabam, da na ƙoda, aka ce mu dawo bayan mako.

Ban kai makon ba. 'Yata ta yi arba'in ta zo mini da jariri, tana shigowa ɗaki ta tsaya. Ta ce mene ne ke wari haka. Na ce wataƙila ɓera ne ya mutu a bayan gado. Ta ajiye yaron, ta durƙusa ta zare safar da kanta. Yatsu biyu sun yi baƙi. Ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba, kuka kawai ta yi tana riƙe da diddigena.

Da muka isa asibiti muka tarar sakamakon ya riga ya fito. Wata nas ce babba, mai bakin tsiya, ta zauna da mu kafin likita ya shigo. Ta ce wannan gwajin ba ruwansa da abin da na ci jiya ko yau, shi jinin da kansa yake ba da labarin wata uku da suka wuce, kuma labarin nawa ba shi da daɗi. Ta jera takardun baya a kan tebur, ta ɗora sabuwar a gefe, ta ce ɗaya daga cikinsu ƙarya take yi.

“Inna, tsakaninki da Allah, in an ce ki je ki ci abinci, kina ci?”

Surukina yana tsaye a bayana. Shi ya amsa, ya ce tana ci mana, a gabansa ma, shi yake zama da ni.

Nas ɗin ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, “Wane ne shi a wurinki?”

Na ce, “Mijin yarinyar ne.”

Ta ajiye biro. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta ce a hankali, “Sau nawa?”

Na ce, “Ko sau ɗaya ban ci ba.”

Ban juya ba, amma na ji numfashinsa ya canza. Can ya ce, “Inna, da kin ce in tashi.” Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakaninmu. Ya fita.

Aka tura mu Kano. A can aka cire yatsun biyu da ɗan abin da ke bayansu, aka ce na yi sa'a da ba a kai idon sawu ba. Na yi mako biyar a gado, ni da ban taɓa kwana uku a wani wuri ba. Ƙodar ma an ce ta fara taɓuwa, ita ba ta komawa yadda take, sai dai a lallaɓa ta. Aka mayar da ni kan allura.

Abin da ya fi yatsun ci mini rai shi ne yaron nan, surukina. Ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa. 'Yata ta ce ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, yana cewa wata shida yana zaune yana gadin ciwon da idonsa. Ba abin da ya yi sai biyayya. Har yau in ya zo gaishe ni, ina jin yadda yake saurin gama gaisuwar in ya ga sandata a jingine.

Yanzu maƙwabciyata ce ke shiga da ni wurin likita, shi yana kai mu ya koma kasuwa sai an kira shi. A gabanta ba abin da ba na faɗa, har ta kan ce in rage, likita bai tambayi tarihin kakannina ba. Na san gwaje-gwajena ɗaya bayan ɗaya, na safe, na bayan abinci, na wata uku, na ƙoda, kuma na gane ba don a yabe ni ake yin su ba.

Ban ce kunya aibi ce ba. Da ita aka raine ni, da ita zan mutu, gobe ma ba zan ci abinci a gabansa ba. Amma da na buɗe baki na gaya wa 'yata a aiko mini da mace, da yanzu ina taka ƙasa da ƙafa cikakkiya. Kalma biyar ce ko shida, na kasa. Duk sanyin safiya wurin yana yi mini zugi, in zauna in riƙe shi har rana ta ɗaga.

Ke da kike karanta wannan, wa yake shiga da mahaifiyarki ɗakin likita, kuma kin taɓa tambayarta ko tana iya buɗe baki a gabansa?