Ƙusa ta Huɗu

Har yau ban manta da ranar da Oga Habu ya miƙo mini guduma ba. Ku da kuka zo daga baya, ku ji labarin allon nan.

Garejinmu na gyaran injin ban-ruwa a Funtua yana da tsohuwar al'ada. Duk wanda ya kawo inji, a gabansa ake kwance shi, don ya ga an girmama shi. Sai rumfa ta cika da injuna a warwatse, babu wanda aka gama. Ni ke karɓar aiki, ni manoma ke zagi, ni ke kwana ina tunanin wane noti na wane ne.

Oga da kansa ya dawo daga wata bita da dabarar allo mai gida uku: masu jira, na hannu, da waɗanda aka gama. Kowane inji da katinsa da ake ratayewa a ƙusa. Gidan tsakiya ƙusa uku ne, daidai da makanikanmu. Ba a kwance sabon inji sai an sauke kati.

Wata Litinin da rani, ƙusoshin duk a cike, sai ga wani Alhaji mai gonar rake, abokin Oga, da injinsa. Ɗaya daga katunan na Malam Tanimu ne, manomi daga Danja. Tun safe yana zaune a benci, tumatirinsa ya fara yaushi a gona.

"Sale, buga ƙusa ta huɗu," in ji Oga.

Ya miƙo mini guduma. Na ce, "Oga, wa zai bar aikinsa?"

"Mai gyaran injin Tanimu mana."

"Ba zan buga ba."

Alhaji ya yi dariya. "Habu, yanzu katako ne ogan garejin nan?"

Na ajiye gudumar a gaban Oga. "Ranka ya daɗe, kai ka kafa dokar. In za a karya, ga Malam Tanimu, ka faɗa masa da bakinka."

Oga ya dubi Tanimu, ya dubi guduma. Bai ɗauka ba.

Alhaji ya kwashe injinsa, bai sake dawowa ba. Oga ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, na rame don tsoron kora. Amma kafin la'asar ɗin ranar, Tanimu ya ɗaure injinsa a babur.

A sana'ar nan kowa yana son a ga ya fara. Manomi kuwa ruwa yake so a gonarsa. Ku ƙirga ƙusoshin nan, har yau uku ne.