Kunnen Agya Darkwa

Shekara talatin da ɗaya Agya Darkwa ya yi yana sayar da tayoyin gwanjo a Suwame, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma bai taɓa yarda da ido ba. Taya takan yi kyan gani, zanenta raɗau, alhali wayar cikinta ta rabu da roba. Shi sai ya ɗauki guntun ƙarfe ya bi ta da ƙwanƙwasa, ya karkata kai. Abin da ya faɗa, shi ne darajarta. Direbobin tsofaffin motocin katako, waɗanda irin tayarsu ta yi wuya a kasuwa, wurinsa suke zuwa.

Wata Talata, Yaw Bempa, direban da ke ɗauko doya daga Atebubu, ya shigo rumfar da hannu rataye a wuya. Mutum biyu na biye da shi ɗauke da taya, ta dare gida biyu. Ya ce kwananta tara da saye ta fashe a gangare, mota ta kwanta cikin kwari, wata 'yar kasuwa da ke zaune kan kaya ta karye a ƙugu.

Darkwa ya rantse ba tasa ba ce. Aka juya ta, sai ga alamarsa ta farin fenti.

Maƙwabcinsa Ofori, abokin tsokanarsa na kullum, ya gangaro da taya biyu, ba ko murmushi a fuskarsa. Ya ce, "Agya, ji min waɗannan."

Darkwa ya buga ta farko, ya buga ta biyu, ya ce duk lafiyarsu ƙalau.

Ofori ya zura wuƙa a gefen ta biyun, roba ta ɗago kamar ɓawon rogo. Ashe kowa a rumfar ya ji ƙararta a dushe, ban da Darkwa kaɗai.

Tsoho ya waiwayi 'yarsa Konadu, wadda ta kawo masa abincin rana ta tarar da taron. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, tun bara muke ɗaga murya in za mu yi maka magana. Tsoro ne ya hana mu faɗa."

Tun bara. Ya zauna daɓas, yana tuna tayoyin da suka fita daga hannunsa, duk suna kan hanya da rayuka a kansu. Abincin nan bai taɓa shi ba.

Washegari ya ja Konadu suka bi tashoshi, daga Tachiman har Ejura, ita ke bugawa tana saurare, shi yana nuna mata inda za ta buga. Taya bakwai suka cire, ya canza wa masu su. Wasu suka gode, wani ya zage shi tas a bainar jama'a.

Sau uku yana zuwa asibiti gaida matar da ta karye. Ba ta taɓa juyowa ta dube shi ba.