Guɗar Delu da Awartakin Sambo

Delu yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wanda ya yi aure a unguwarmu ta Gwandu a shekarun nan na tamanin, ita ta rangaɗa masa guɗa. Ba gado ta yi ba, baiwa ce. In ta kama hanci ta saki murya, har jakunan bakin kasuwa sai sun ɗaga kunne. Da guɗar nan ta ci ta sha, da ita ta yi wa 'ya'yanta sutura bayan rasuwar mijinta. Al'adar unguwar kuwa, ba macen da za ta yi guɗa a biki sai Delu ta buɗe.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi haƙori ya tasa ta gaba. Turmin nan ne na can ƙurya, wanda ba ya fitowa sai mutum ya girma. Nata a karkace ya fito, yana tunkuɗar na kusa da shi. Ta sa kanumfari, ta sa kanwa, a banza. Sai ta aika aka kira Sambo, wanzamin gidanmu tun zamanin babanmu.

Sambo! Allah ya isa, har yau in na tuna sunansa sai raina ya ɓaci. Mutumin da aikinsa aski da ƙaho, wa ya aike shi cire turmi? Ya zaro awartaki daga zabira, ya sa mata biyu suka danne ta, ya yi ta ja yana murɗawa har haƙorin ya ce ƙaras, ya karye. Saiwar tana ciki. Maimakon ya faɗi gaskiya, sai ya ce ai tsutsa ce ta cinye gindin. Ya cusa garin taba a ramin, ya karɓi ladansa ya yi gaba.

Kafin mako ya zagayo fuskarta ta kumbura kamar tulu, muƙamuƙi ya ƙage, ko bakin ludayi ba ya shiga. Ni ina aure a Kalgo, aka aiko mini na zo a gigice. Muka sayar da tumakinta, muka sayar da tasoshin da take tara wa 'yarta, muka kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Likita ya tsaga dasashi ya fitar da saiwar guntu-guntu. Ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Ya ce baki kuma, wataƙila ya buɗe, wataƙila ya tsaya haka.

Tana kwance a ɗakina a Kalgo labari ya iske mu. Wai Sambo ya ce a majalisa, "Ku gode mini, na hutar da kunnuwan Gwandu." Aka yi ta dariya. Delu ba ta iya magana sosai a lokacin. Ta dai dube ni, hawaye ya gangaro, ta ce ta tsakanin haƙora, "Rahmatu, zai ji."

Jinyar ba ta wasa ba ce. Kunu da karan dawa take zuƙa. Safe da yamma kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Likita ya ce a riƙa cusa wani abu mai faɗi tsakanin haƙora ana ƙarawa a hankali, sai muka fasa tsohuwar ƙwarya muka goge sakainar. Ta cusa ɗaya, in ta saba ta ƙara wata, gumi na karyo mata. Damina ta wuce, aka yi girbi. Ran nan mun je fadama tsinkar yakuwa, ba kowa sai mu, ta ajiye ƙwarya ta kama hanci. Wayyo! Sai da tsuntsaye suka tashi daga cikin shinkafa. Na rungume ta ina kuka. Ta ce, "In kika faɗa wa wani, ban yafe ba."

Ta koma Gwandu tana magana ƙasa-ƙasa, gyale a kan haɓa. Kowa ya ɗauka guɗa ta tafi ke nan. Amma mata ba su zubar da girmanta ba. In biki ya tashi sai su zo su zaunar da ita a tabarma, ta gyaɗa wa ɗaya daga cikinsu kai, wannan ta buɗe a madadinta. Haka ta haɗiye muryarta biki bayan biki, ni kaɗai na san abin da take jira.

Sai ga auren Hajara, 'yar Sambo ta fari. Na zo takanas daga Kalgo. Aka wanke amarya, aka fito da ita ƙofar gida, mata suka juyo suna duban Delu. Tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ba ta ɗaga kai ba, balle ta gyaɗa. Uwar amarya ta durƙusa ta ce, "Yaya Delu, ki dubi Allah." Delu ta nuna muƙamuƙinta, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Ba wadda ta yi ƙarfin halin buɗewa. Haka aka ratsa unguwa da amarya shiru, sai ƙarar takalma, dangin ango na tambayar ko rasuwa aka yi. Yarinyar ta ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Amma da na hango ubanta a zaure ya sunkuyar da kai, wallahi sanyi na ji har cikin raina. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Washegari da hantsi Sambo ya biyo ta ƙofar gidanmu, zabira a kafaɗa, yana sauri kada a gan shi. Delu ta fito ta tsaya a bakin zaure. Ta yaye gyalen, ta kama hanci, ta rangaɗa guɗar da tun da nake ban taɓa jin irinta ba. Mata suka firfito daga gidaje, maza suka miƙe daga majalisa. Sambo ya tsaya cak, baki buɗe.

Ya ce, "Delu, ashe kina iyawa? To bikin wa ake yi?"

Ta ce, "Kazata ce ta yi ƙyanƙyasa, Sambo."